Zaren gilashin da ke jin ciwon kankare

Ga jawabin da wani injiniya ya gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikata.



Ranar 14 ga watan Agusta na 2018, gadar Morandi da ke birnin Jenowa na ƙasar Italiya ta rufta da motocin da ke bisanta, mutum 43 suka rasa rayukansu. Ƙarafan da ke riƙe da ita suna cikin kankare, tsatsa na cinsu inda ido ba ya kaiwa. Haka kankare yake, yana ɓoye cutarsa.

Dabarar da zan yi muku bayani ta dogara ga zaren gilashi mai kaurin gashin kai, irin wanda ke ɗauke da intanet. Ana yi masa ƴan tsagogi a ciki, a ɗaure shi jikin rodi kafin a zuba kankare, ko a manna shi jikin tsohon gini. Na'ura na tura haske cikinsa, kowace tsaga kuma tana maido launi guda. In kankaren ya miƙe, ko ya tsage, ko zafinsa ya sake, sai launin ya gusa, na'urar ta rubuta. Tana iya gane miƙewar da ba ta wuce milimita guda cikin kilomita ba. Zaren ba ya tsatsa, kuma haske ne ke bi cikinsa, ba lantarki ba. Tun 1993 aka sa shi a wata gada ta birnin Kalgari na Kanada, daga bisani aka auna zafin kankaren madatsar ruwan Luzon ta Suwizalan da shi.

Amma kada a ruɗe ku. Zaren ba shi da tsada sosai, na'urar karatun ce mai cin kuɗi. Lebura ɗaya na iya tsinke shi wajen zuba kankare. A ƙasa irin tamu kuma, inda rana kaɗai ke sa gada ta miƙe da azahar ta koma da dare, dole a ware aikin zafi da aikin nauyin kamyo, in ba haka ba lissafin ya ɓaci.

Babban abin shi ne wanda zai karanta, da wanda zai ɗauki mataki. A Jenowa an san da tsatsar. An ƙarfafa ɗaya daga cikin ginshiƙan tun shekarun 1990, wanda ya faɗi kuwa gyaransa na jiran lokaci.

Gadar Kenedi ta Yamai tana ɗauke da kaya tun 1970, an ƙara ta biyu a 2011, ta uku a 2021. Ku ƴan kasuwa, dukiyarku ce ke ƙetarawa. Ku ma'aikata, ku ke rubuta takardun kwangila. Shawarata ita ce duk sabuwar gada ko madatsa a rubuta kuɗin awo da albashin mai karatunsa cikin kwangilar tun farko, kuma a riƙa buga sakamakon kowace shekara, har mai kamyo ya iya gani.