Andrea Coleman, Tseren Babur da Lafiyar Mutanen Ƙauye



Da kwamitin wannan zama ya nemi mu yi magana a kan shirya taron jama'a, sai muka ga ba mu da abin da za mu koya wa kowa daga kanmu, tun da yake iyakar abin da muka taɓa shiryawa shi ne makon al'adu na bara, kowa kuwa a nan ya san yadda aka kwashe da mai lasifika. Saboda haka muka zaɓi mu kawo muku labarin wata Baturiyar Ingila mai suna Andrea Coleman, wadda ta mai da shirya taro sana'a, sa'an nan ta mai da sana'ar hanyar kai magani ƙauyukan Afirka. Muna roƙon waɗanda za su shiga aikin gwamnati nan gaba kaɗan su kasa kunne sosai, domin rabin labarin nasu ne.

Ita Andrea a cikin ƙarar babur ta tashi. Mahaifinta Jack Williams injiniyan baburan tsere ne, ɗan'uwanta Peter Williams kuwa shi ya ci ɗaya daga cikin tseren tsibirin Man a 1973 a kan babur ƙirar Norton. Ita da kanta ta yi tsere tana budurwa, a lokacin da ba a saba ganin mace a wannan fage ba. Mijinta na fari, Tom Herron, mutumin Ailan ta Arewa, ya rasu a 1979 a tsakiyar tseren da ake kira North West 200. Da wata ce, da ta bar harkar babur har abada, ba kuwa wanda zai ga laifinta. Ita ba ta bari ba. Ta koma ga aikin talla da hulɗa da jama'a, tana kula da al'amuran wani ɗan tsere Ba'amurke, Randy Mamola, wanda ya zo na biyu a gasar duniya har sau huɗu, a 1980 da 1981 da 1984 da 1987, bai taɓa ɗaukar kambun ba. Ta kuma auri Barry Coleman, ɗan jarida mai rubutu a kan tseren babur.

Su ukun nan suka fara tara kuɗi a filayen tsere domin ƙungiyar Save the Children mai taimakon yara. A 1988 aka gayyaci Barry da Mamola zuwa Somaliya su ga inda kuɗin ke tafiya. Abin da suka tarar shi ya juya rayuwarsu. Ga babura da motoci nan jibge a harabar ma'aikatu da asibitoci, waɗansu ba su yi wata tafiyar kirki ba, sun mutu saboda rashin baƙin mai ko wani ɗan ƙarfe da kuɗinsa bai wuce 'yan daloli ba. A can ƙauye kuma yara na jiran allurar rigakafi, mai allurar na zaune a birni ba abin hawa. Mutanen da suka ba da baburan sun yi niyyar alheri, amma sun sayi doki ba su tanadi harawa ba.

To, jama'a, wannan ba sai an je Somaliya ba. Wane ne a cikinmu bai taɓa ratsa bayan wani ofis ya ga mota a kan bulo, ciyawa ta fito ta cikin tagarta, kaji na ƙwai a kujerar direba ba? Mu dai mun saba gani har mun daina gani. Su kuwa 'yan tsere idonsu bai saba ba, domin a wurinsu babur ba ya mutuwa haka kawai. A fagen tsere ba a jiran kaca ta tsinke kafin a sauya ta. Ana ƙirga tafiyar da ta yi, in ta cika adadi a cire ta ko da tana sheƙi, domin ran mahayi ne a kai. Wannan ɗabi'a ce kaɗai suka ɗauko suka kawo wa aikin lafiya.

Sun gwada a Lesotho a 1991 da babura 47. Kowane ma'aikacin lafiya aka koya masa hawa, aka ba shi hular kwano, aka kuma ɗora masa duba babur ɗinsa kowace safiya kafin ya tayar: fetur, baƙin mai, ɗaurin kaca, notuna, birki da taya. Bakanike kuma shi ke bin baburan inda suke kowane wata da kayan gyara, ba a jira sai an turo su birni. Baburan nan suka yi shekara biyar suna aiki ba tare da sun tsaya a hanya ba. A 1996 aikin ya tsaya da ƙafarsa da sunan Riders for Health, watau mahaya domin lafiya. Don a kafa shi sai da ma'auratan suka jinginar da gidansu.

A nan ne sana'ar Andrea ta shigo, a nan ne kuma muke so mu ɗan daɗe. Roƙon kuɗin sayen sabuwar motar asibiti abu ne mai sauƙi, domin mai bayarwa zai ga hotonsa yana miƙa makulli. Amma wa zai ba da kuɗin baƙin mai? Wa zai so a rubuta sunansa a jikin fulogi? Sai ta duba abin da ke hannunta wanda jama'a ke ƙishirwa, ita kuwa ba zai ci mata kuɗi ba. A filin tsere akwai zangon da 'yan tsere da kanikawansu ke zama, wanda ɗan kallo ba ya shiga ko da kuɗinsa. Ta shawo kan masu gasar aka ware rana ɗaya, Alhamis kafin babban tseren Ingila, aka buɗe wannan zango ga duk wanda ya sayi tikiti. Aka sa wa ranar suna Day of Champions, watau ranar zakaru. An yi shekaru ana yinta a filin Donington Park, ta koma Silverstone a 2010 da gasar ta koma can. Mutum ya ga baburan kusa da kusa, ya gaisa da gwanayen da yake gani a talabijin, da yamma kuma su hau dandamali ɗaya bayan ɗaya a yi gwanjon hulunansu da rigunan fatarsu da takalmansu.

Ku lura da dabarar. Ba ta gina fili ba, ba ta ɗauko mawaƙi daga nesa ba, ba ta kuma tara jama'a daga gidajensu ba, domin dama suna tafe kallon tsere. Hular da aka yi gwanjo kyauta aka ba ta. Saboda haka abin da aka kashe kaɗan ne bisa ga abin da aka samu. Mu kuwa a nan, in za mu faɗi gaskiya, mukan kashe kuɗin taron taimako a kan rumfa da lemo da kalanda, a tashi ana bin mu bashi, marayun da aka yi dominsu ko labari ba su ji ba. Abu na biyu, 'yan kallon nan sun san babur. Ba sai an yi musu dogon bayani a kan amfanin sauya mai ba. Ta nemi taimako wurin waɗanda suka fahimci matsalar tun kafin ta buɗe baki.

Duk da haka kuɗin biki ba ya riƙe ma'aikatar lafiya, su ma sun san haka. Shi ya sa suka tsara a riƙa biyansu bisa kowace kilomita da abin hawa ya yi, a cikin kuɗin akwai mai da kayan gyara da albashin bakanike, har da ɗan abin da za a tara a sayi sabo in wannan ya tsufa. Ma'aikata ta san abin da za ta kashe tun farkon shekara. A Gambiya an wuce nan: a 2009 suka karɓi rance daga bankin Guaranty Trust, wanda asalinsa na Nijeriya ne, gidauniyar Skoll ta tsaya musu, suka sayi motocin asibiti da babura suka ba ma'aikatar lafiya haya. A ƙasarmu ma tun 1999 suka fara kula da motocin Hukumar Lafiya ta Duniya masu aikin yaƙi da shan-inna. Ba za mu ce su suka kori cutar ba. Dubban mata masu bi gida-gida da ɗigon rigakafi su suka fi cancantar yabon da aka samu a 2020. Amma mota mai tashi da asuba tana da nata rabon.

Akwai abin da ke damunmu a cikin labarin, ba kuwa za mu ɓoye ba. Ba daɗi a ce ungozoma a Afirka ta isa ƙauye ne domin wani a Ingila ya sayi tsohuwar hula. Sauya baƙin mai ba ilmin da sai an haye teku ba ne. Kowane ɗan acaɓa ya san shi, domin babur ɗin nasa ne. A 2016 an sake tsari, ragamar Riders for Health ta koma hannun 'yan Afirka, Andrea da Mamola kuma suka kafa Two Wheels for Life domin ci gaba da tara kuɗi a wajen masu tsere. Muna ganin haka ya fi dacewa.

Shugaban taro, motar ƙungiyarmu ta yi wata bakwai a bayan ɗakin taro saboda famfon mai. Muna ba da shawara a zaman majalisa mai zuwa cewa a cikin kuɗin ƙofa na makon al'adu na bana a ware kashi ɗaya bisa goma domin gyaranta, a sayi littafi a ajiye cikinta ana rubuta kilomita da ranar sauya mai, a kuma naɗa mutum ɗaya da za a tambaya. Takardar tana wurin sakatare ga mai son sa hannu.