Bangon ƙasa da siminti: a yi hattara kafin ruwa ya sauka

Jama'a masu saurarenmu, na rugage da na kasuwanni, daga Abu Na'ama zuwa Sinja da Maiurno, har masu kai kaya Damazin da Kurmuk a kan iyakar Habasha.

Yau maganar bango za mu yi. Mutum ya sayar da bijimi, ko ya ci ribar riɗi, sai ya ce bari ya shafe tsohon ɗakin mahaifinsa da siminti, ya huta da yaɓen kowace shekara. Damina ta farko, abin gwanin sha'awa. Ta biyu, ta uku, ɗan'uwa je ka ƙwanƙwasa bangon nan, za ka ji yana amsawa kamar ganga. Siminti ya rabu da ƙasa, ciki kuwa ya jiƙe ya yi laushi, kai ba ka gani.

To me ya kawo haka? Ku makiyaya kun fi kowa sanin baƙar lakar nan tamu. Da rani ta tsage har ƙafar maraƙi ta faɗa, ruwa na sauka ta kumbura. Bangon da ke kanta yana motsi tare da ita. Siminti kuwa ba ya lanƙwasa, sai dai ya tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, laima ta taso ta ƙasa, duk su rasa hanyar fita. Shi bangon ƙasa yana shan ruwa, rana ta fito ya fitar. In ka toshe masa wannan, cikin watan Agusta da ruwa ya fi ƙarfi yana iya zubowa cikin dare, yara na kwance a gindinsa.

Maganin yana cikin garkenku. Abin nan da Larabawa ke kira zibala: kashin shanu da ƙasa da ɗan ƙaiƙayi, a kwaɓa a bar shi kwanaki ya ruɓa. I, yana wari, ba a musu. Amma yana kore ruwan sama kuma yana barin bango ya bushe. Kakanninmu a Kano da Zariya makuba suke sa wa, ta ɓawon ɗorawa. A yi yaɓen tun Afrilu ko Mayu, kafin ruwan Yuni, kada a yi shi a kan jiƙaƙƙen bango. Inda tsohon siminti ke amsa ganga, a ɓamɓare shi tukuna, a bar wurin ya sha iska.

Sai kai da ƙafa. A sama, indararo ya yi tsawo ya watsa ruwa nesa, in kwano ne ko ciyawa a bar baki ya zarce bango. A ƙasa, a yi dakali mai gangara, a haƙa ƙaramar hanyar ruwa ta fita gida. In akwai kuɗin siminti da jan bulo, to nan ne wurinsu, a dakali. Kada a ɗaure tumaki a gindin bango, fitsarinsu cin ƙasa yake.

Ku kuma 'yan kasuwa masu ajiyar dawa da riɗi, Allah ya ƙara albarka, ku daina jingina buhuna da bango. A ɗora su kan katako, a bar tazarar da hannu zai wuce ta baya. In kun ga farin abu kamar kanwa ya fito a gindin bango daga ciki, laima ce ta taso. Ku matsar da kayan ranar, ku kira magini ya duba.