Dalilin Ɗaukewar Wuta a Idi-Araba da Agege

Wutar da ke isa Idi-Araba a Mushin da unguwannin Hausawa na Agege tana biyo manyan layukan kamfanin TCN masu ƙarfin kilobolt 330, daga tashoshi irin su Egbin zuwa Ikeja West da Akangba, inda ake rage ƙarfinta kafin kamfanonin Eko da Ikeja su raba wa gidaje. Idan guguwa ta kayar da turken ƙarfe, ko ɓarayi suka kwance shi, na'urar kariya takan yanke layin nan take, nauyin ya koma kan sauran layuka. In sun gaza, cibiyar kula da rabon wutar ƙasa da ke Osogbo takan rage kason kowane yanki. Abin takaici, har unguwar da ta yi karo-karo ta gyara taransifomarta takan kwana a duhu, ƙanƙarar masu sayar da ruwan sanyi ta narke.