Zazzaɓi da Ƙuraje a Jikin Yara: Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu

Sau da yawa rahoton da kan fito daga ƙauye zuwa wurin hakimi kalma uku ne kawai: yara suna zazzaɓi. Wannan bai ishi malamin asibiti ba, domin cututtuka da yawa da zazzaɓi suke farawa. Abin da ke rarrabe su shi ne ranar da jiki ya yi zafi, da ranar da ƙuraje suka feso, da wurin da suka fara fitowa. Waɗannan uku lalle magatakarda ya tambaya ya rubuta.

Ƙyanda, wadda waɗansu ke kira baƙon dauro, ita ta fi yawa, musamman da rani. Takan fara da zazzaɓi mai zafi da tari da majina da jan ido. Sai bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje su fito, daga bayan kunne da fuska, su gangara ƙirji har ƙafafu. A baƙar fata ba kullum ido ke ganinsu ba, amma in an shafa da hannu sai a ji jikin da kaushi. Yaro yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙurajen su bayyana, har kwana huɗu bayan fitowarsu. Ba ta da maganin da ke kashe ta kai tsaye. Abin da ke halaka yara shi ne ciwon huhu da zawo da ke biyo bayanta. Saboda haka a ci gaba da ba da nono da abinci, a ba da ruwan gishiri da sukari in akwai zawo, a kai yaro asibiti a ba shi sinadarin bitamin A sau biyu, yau da gobe. Al'adar kulle yaro a ɗaki da hana shi wanka ba ta da amfani, ɗiga masa ruwan ganye ko kwalli a ido kuwa ta makantar da yara da dama. Ana yin allurar rigakafi a wata 9, a sake a wata 15.

Ƙarambau tana da ƙuraje masu ruwa da ƙaiƙayi, waɗansu na bushewa waɗansu na fitowa, galibi kuwa takan wuce da kanta. Kada a ba yaron asfirin, a ba shi farasitamol. Dattawan da suka ga agana kada su firgita: an ba da sanarwar kawar da ita daga duniya a 1980. Amma in ƙuraje masu ruwa suka zo da kaluluwa, a kai labari, domin ƙyandar biri ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017.

Wadda ba ta jiran gari ya waye ita ce sanƙarau. A 1996 ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Alamunta su ne sandarewar wuya, da amai, da kumburin maɗiga ga jariri, wani lokaci da ɗigo-ɗigo masu duhu waɗanda ba sa gushewa in an danna su da tambulan. A duba tafin hannu da tafin ƙafa da cikin fatar ido. Wannan yaro a nema masa mota ko babur nan take, ko da tsakar dare ne.

Zazzaɓin cizon sauro ba ya kawo ƙuraje, kuma da ɗigon jini daga yatsa ake tabbatar da shi. In ƙuraje sun fito bayan yaro ya fara shan wani magani, mai yiwuwa maganin ne jikinsa ya ƙi. A tsayar, a tafi da kwalinsa asibiti.

Hakimi ya umarci dagatai da masu unguwanni su kawo labari ran da suka ji, ba sai an tara gawa ba. Magatakarda kuwa ya ƙara da shekarun yaron, da ko an yi masa rigakafi, da gidaje nawa abin ya shiga, ya aika wa ma'aikacin lafiya na ƙaramar hukuma a ranar.