Gatarin da ke Hannunmu: Sauyin Yanayi da Alhakin Ɗan Gari Mazaunin Birni

Jawabin da kwamitin noma da muhalli ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

 

Shugabannin ƙungiya sun ɗora wa kwamitinmu nauyin yin magana a kan wata muhawara da ta daɗe tana raba kawunanmu a tarurrukan rassa, wato maganar sauyin yanayi da fafutukar kare muhalli. Duk lokacin da aka tayar da ita sai mu rabu kashi uku. Kashi na farko suna cewa fari da ambaliya hukuncin Allah ne, babu abin da ɗan Adam zai ƙara ko ya rage. Kashi na biyu, galibinsu 'yan boko, suna cewa ƙasashe masu manyan masana'antu ne suka ɓata duniya, saboda haka su za su gyara, kada a takura wa talakan da ko fitilar lantarki ba ta ishe shi ba. Kashi na uku kuwa, matasanmu ne masu zafin jini, waɗanda ke ganin duk wanda ya sare reshe ya aikata babban laifi. Mun saurari kowane ɓangare, kuma mun sami gaskiya a bakin kowa. Abin da muke so mu yi a yau shi ne mu tsame kasonmu daga cikin wannan magana, mu dube shi da idon basira.

Bari mu fara da abin da dattawan da ke zaune a nan suka gani da idanunsu. Sun ga farin 1973, sun ga na 1984, lokacin da gero ya ƙone a tsaye, shanu suka zube a bakin rijiyoyi. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya tsuke zuwa kusan 2,000 a tsakiyar shekarun 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Tun daga shekarun 1990 damina ta dawo, sai dai ta dawo da wani hali: ta yi jinkirin sauka, ta ɗauke bayan an yi shuka, sannan ta zubo ruwan mako biyu a dare ɗaya. Ambaliyar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye birnin Maiduguri. A watan Mayu na 2025 kuma aka wayi gari da abin da ya faru a Mokwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ga 'yan uwanmu na kashi na farko, muna cewa babu musulmin da ke jayayya da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da aka sanar da shi zuwan shekaru bakwai na fari, tanadin hatsi ya umarta a yi tun a shekarun yalwa. Haka kuma sun karantar da mu cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, yana da ladan sadaka. Bahaushe ma ya taƙaita zancen da ya ce, Allah ya ce tashi in taimake ka.

'Yan uwanmu na kashi na biyu suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. Masana sun bayyana cewa hayaƙin da ke fita daga ƙona kwal da man fetur da iskar gas yana taruwa a sararin samaniya, ya zama kamar bargo, ya hana zafin rana komawa inda ya fito. Da haka duniya ke ɗumama, har shekarar 2024 ta zama mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta, duk da yawan jama'arta, ba ta fitar da abin da ya wuce kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. Sin da Amurka ne ke kan gaba, ƙasashen Turai kuma sun riga kowa farawa tun zamanin da suka kafa masana'antu. An ƙulla yarjejeniya a Faris a 2015, an kuma amince a taron Masar na 2022 cewa za a kafa asusun tallafa wa ƙasashen da bala'in ya fi shafa, amma abin da aka zuba a ciki bai kama ƙafar ɓarnar ba. Tsohuwar da ke hura wuta da kara a ƙauyenmu ba ita ta ɗumama duniya ba, kuma zalunci ne a ɗora mata wannan laifi.

To, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. A nan ne muke roƙon jama'a su rarrabe abubuwa biyu da muke yawan cakuɗawa. Akwai ɗumamar duniya, wadda kasonmu a cikinta ƙanƙane ne. Akwai kuma tsiraitar da ƙasarmu, wadda da hannunmu muka yi ta. Ba mutumin Amurka ne ya sare kirya da marke da tsamiyar da ke dajin gabas da gari ba. Ba shi ne ya nome burtali har makiyayi ya rasa hanyar kai shanu mashaya ba. Sauyin yanayi yana aiko da iska mai ƙarfi da ruwa mai ƙarfi, amma yawan ɓarnar da za su yi ya danganta ne da yadda suka tarar da ƙasa. Gonar da ke da itatuwa tana karya ƙarfin iska, saiwoyi su riƙe ƙasa, ruwa ya sami damar nutsewa. Gonar da aka aske ƙwal kuwa, iskar bazara ta binne shukarta da rairayi, ruwan Agusta ya kwashe takinta ya bar mata kwazazzabo.

Yanzu sai mu zo kanmu, mu mazauna birni, domin mun saba ɗora laifin a kan 'yan uwanmu na gida. Mu tambayi kanmu: ina motocin itace da na gawayi suke nufa idan sun fito daga daji? Birni suke nufa. Tun da kananzir ya gagari talaka, gas ɗin girki ya yi tsada, musamman bayan cire tallafin man fetur a 2023, gidaje da yawa sun koma ga gawayi, har da gidajen ma'aikata masu albashi. Kafin a sami kilo 1 na gawayi ta hanyar da ake ƙona shi a dajinmu, sai an cinye kilo 5 ko fiye na itace, kuma itace mai ƙwari ake nema, irin wanda ke ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya girma. Yaron da ke riƙe da gatari a daji ɗan aike ne kawai, kuɗin aiken daga aljihunmu yake fitowa. Haka nan idan ɗayanmu ya sami wadata ya sayi gona a gida, abu na farko da yake yi shi ne ya sa a tumɓuke duk wani kututture domin tarakta ta sami hanya. Idan zai gina gidan hutun Sallah, sai ya cike kududdufin da ke karɓar ruwan unguwa, ruwa kuma ya nemi hanya ta ɗakunan maƙwabtan da ginin ƙasa gare su.

Ga matasanmu na kashi na uku, muna yaba kishinku, kuma muna tunatar da masu yi muku dariya cewa fafutukar kare muhalli ba baƙuwa ba ce a Afirka. Wangari Maathai ta ƙasar Kenya ta fara tara matan karkara suna dashen itatuwa a 1977, ta sha duka da ɗauri, daga bisani aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004. Ken Saro-Wiwa ya rasa ransa a 1995 a kan gwagwarmayar da ya yi game da malalar mai a ƙasar Ogoni. Waɗannan mutane sun sa an saurari abin da a da ba a saurara. Amma muna jan hankalinku da cewa wanda zai hana mace sare itace, wajibi ne ya nuna mata abin da za ta dafa tuwon dare da shi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya game da bikin dashen itatuwa. Ita kanta ƙungiyarmu ta taɓa yin sa: muka zo da manyan riguna, muka dasa darbejiya a bakin hanyar makarantar firamare, aka ɗauki hotuna, muka koma birni. Ba mu yi musu shinge ba, ba mu ɗauki mai ban ruwa ba. Kafin kaka ta ƙare awaki sun gama da su. Ko babban shirin nan na kafa katangar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya gamu da wannan matsala a wurare da yawa, domin dashe abu ne mai sauƙi, reno shi ne aiki.

Darasin da ya fi dacewa da mu yana nan kusa, a wajen 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram. A farkon shekarun 1980 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dashe a ƙasar Maraɗi, yawancin abin da ya dasa yana mutuwa. A 1983 sai ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan tsofaffin itatuwa, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata shi ne manomi ya zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar a kan kowane kututture, ya datse sauran, ya kare su daga wuta da dabbobi. Da yake saiwar ta riga ta kai ga danshi, itacen ba ya bukatar ban ruwa. Manoma suka sa wa wannan dabara suna sassaben zamani. Bayan farin 1984 ta bazu daga gona zuwa gona, kuma abin da ya ƙarfafa ta shi ne lokacin da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba idan ya datse reshe. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200. Babban abin lura shi ne gawo, wanda kakanninmu suka san darajarsa: yana zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma su ciyar da dabbobi da rani. Ƙasarsu irin tamu ce, ruwan samansu bai fi namu ba, harshenmu ɗaya. Abin da ya yiwu a can babu dalilin da zai hana shi yiwuwa a nan.

Saboda haka kwamiti yana gabatar wa wannan taro shawarwari kamar haka.

Na farko, kowane ɗan ƙungiya da ke da gonar gado ko ta saye a gida, ya yi magana da mai noma masa ita kafin sharar gona ta bana, a bar kututturan gawo da kalgo da sabara da aduwa su tofo, kuma amfanin rassan ya zama na mai noman.

Na biyu, ƙungiya ta ɗauki nauyin tura wasu manomanmu, maza da mata, su je ƙasar Maraɗi su ga aikin da idonsu, domin gani ya kori ji.

Na uku, kada a sake fitar da kuɗin ƙungiya don dashe sai an haɗa da kuɗin shinge da ladan mai ban ruwa na rani biyu.

Na huɗu, wanda Allah ya hore wa, ya rage dogaro da gawayi a gidansa na birni, ya kuma saya wa mahaifiyarsa ko 'yar uwarsa ta gida murhu mai tsimin itace, wanda zai rage mata wahalar neman makamashi da hayaƙin da ke cin idanu da ƙirji.

Na biyar, muna roƙon Hakimi, Allah ya ba shi nasara, da ya jagoranci zama tsakanin manoma da makiyaya a sake shata burtali, a kuma hana gini a kan hanyoyin ruwa da kududdufai, ko da mai ginin ɗan wannan ƙungiya ne.

Na shida, 'ya'yanmu da ke aikin gwamnati da majalisa da jarida su yi amfani da muryarsu. Tun 1981 aka kafa asusun kula da muhalli a Najeriya, kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna da kaso a cikinsa. Akwai kuma dokar sauyin yanayi da aka sa wa hannu a 2021. Haƙƙinmu ne mu tambaya, cikin ladabi kuma a rubuce, me aka yi wa yankinmu da wannan kaso.

Jama'a, za mu ci gaba da neman haƙƙinmu a wajen manyan ƙasashe, kuma muna goyon bayan duk mai wannan kira. Amma ba mu san ranar da za su biya ba, damina kuwa ba ta jiran kowa. Mu da muke zaune a birni, a nan aka yanke mana cibiya, da yawanmu kuma a nan muke fatan yin tsufa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Muna fatan idan Allah ya kai mu taron baɗi, kowane reshe zai zo da lissafin gonakin da aka yi wa sassaben zamani da itatuwan da suka tsallake rani, a karanta a gaban Hakimi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya, ya jiƙan magabatanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.