Komawa Karatu Bayan An Kama Aiki



Ana yawan tambayarmu ko magidanci mai aiki zai ci ribar komawa kwaleji. A aikin gwamnati kam zai ci, domin albashi takarda yake bi: mai NCE kan fara daga mataki na 7, mai digiri daga na 8. Mu 'yan Grade II ganau ne. Da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta fara NCE ta karatu daga gida a 1990, malamanmu na Zango, Baure da Mai'aduwa suka sadaukar da Asabar da hutunsu, da dama suka haura.

Sai dai ku mazauna Legas da Abuja, kafin ku biya ko kwabo, ku karɓi izinin ma'aikatarku a rubuce, ku kuma tabbatar hukuma ta amince da kwas ɗin.