JAWABI A KAN RAUNIN KAI

Jama'a, a saurara da kyau.

Mutum ya faɗo daga babur, ko amalanke, ko bisa itace, kansa ya bugu, ya suma. Ɓarnar da bugun ya yi wa ƙwaƙwalwa ta riga ta faru. Amma akwai ɓarna ta biyu da ke biyo baya. Ita ce ake iya tsarewa.

Ƙwaƙwalwa tana rayuwa da iska da jini. In numfashi ya tsaya minti 4 zuwa 5, sai ta fara mutuwa. Kuma in ta bugu tana kumbura, ga shi ƙoƙon kai ƙashi ne, ba ya buɗewa. Sai ta matse a ciki.

Ga abin da ya kamata a yi:

1. A duba numfashinsa. Jama'a su ja baya ya samu iska. Kada a yi masa hayaƙi.

2. In yana amai, mutum 3 ko 4 su juya shi bisa gefe. Ɗaya ya riƙe kai, kada wuya ya lanƙwashe.

3. A tsaida jini da tsabtataccen ƙyalle. In ƙashi ya lotsa, kada a danna wurin.

4. Kada a ba shi ruwa, ko fura, ko jiƙo. Yana iya shaƙewa.

5. A kwantar da shi bisa ƙyaure ko katako, a kai shi likita nan da nan. Kada a zaunar da shi bisa babur.

Wani yakan farfaɗo, ya yi magana, a ce ya warke, alhali jini na taruwa cikin kai. In aka ga yawan amai, ko barci mai nauyi, ko jijjiga, ko ruwa na fita ta kunne, kada a jira gari ya waye.

A asibiti ana sa masa iska, a yi masa ƙarin ruwa, a ɗaga kansa kaɗan don kumburi ya ragu. Akwai allurar rage zubar jini, amma sai an yi ta kafin awa 3 su cika. In ciwon ya yi tsanani, ana tura shi babban asibiti, kamar na Yamai ko Damagaram, a yi masa aiki a fidda jinin.

Mai hawan babur kuma ya sa hular kwano.

Wanda ya karanta, ya gaya wa wanda bai karanta ba. Allah ya kiyaye.